Yadda Ake Shiga Rabin Gudun Fanfalaki da Tafiyar Ƙafa Zalla

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da mita 97 da rabi, wato mil 13.1. Ba sai mai gudu kaɗai ke kammala shi ba. A manyan gasanni da yawa, bayan masu gudu sun wuce, akwai jama'ar da ke tahowa a baya da tafiya zalla, kuma lambar yabon da aka rataya wa na gaba ita ake rataya musu. Bambancin yana wajen daɗewa a kan hanya. Mai gudu na iya gamawa cikin awa biyu, mai tafiya kuwa zai shafe awa uku zuwa huɗu yana taka kwalta, taku wajen 27,000 ko fiye. Saboda haka abu biyu yake shirya wa jikinsa: jure waɗannan awoyi a tsaye, da isa layin ƙarshe kafin a rufe hanya. Yawancin masu farawa na farkon suke wa shiri, su manta da na biyun.

Fara da zaɓen gasa

Kafin ka sayi takalmi, ka nemi gasar da za ka shiga, ka karanta ƙa'idojinta har ƙarshe. Abin da kake nema shi ne lokacin rufe hanya. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, to a nan daɗewar tana da iyaka. Masu shirya gasa aron titi suke yi daga hukuma na wasu awoyi, idan lokaci ya cika dole su mayar wa motoci. Wanda ya rage a baya, ko dai a ɗauke shi a motar da ke bin ƙarshen ayari, ko a ce ya koma gefen titi ya ƙarasa a kan kansa, babu ruwan sha, babu mai nuna hanya.

Ga lissafin, ka riƙe shi da kyau. Gasar da ke rufewa a awa 4 tana buƙatar ka ci kowane kilomita cikin minti 11 da daƙiƙa 22. Mai awa 3 da rabi tana neman ɗan ƙasa da minti 10. Mai awa 3 kuwa minti 8 da rabi ne, kuma wannan saurin ya fi ƙarfin yawancin masu tafiya a karon farko. Tafiyar da mutum ke yi a harkokinsa na yau da kullum ba ta wuce kilomita 5 a awa ba, minti 12 ke nan a kowane kilomita, wadda za ta kai shi layin ƙarshe a awa 4 da minti 13. Ka ga ke nan tafiyar da ka saba ba za ta fisshe ka ba ko a gasa mai sassauci. Gasannin kamfanin Disney a Amurka, waɗanda masu tafiya ke yawan zuwa, sun gindaya minti 16 a kowane mil, kusan minti 10 a kilomita. A ganina, a karon farko ka nemi mai awa 4, in ba ka samu ba mai awa 3 da rabi.

Akwai tambayar da ya kamata ka aika wa masu gasar idan ƙa'idojin ba su fayyace ba: daga yaushe ake ƙirga lokacin rufewa? Wasu daga harbin bindigar farawa suke ƙirgawa, wasu daga sa'ad da mutum na ƙarshe ya tsallake layi. A gasa mai dubban mutane, na baya kan yi minti 15 ko 20 kafin ya iso layin farawa, kuma mai tafiya a baya yake tsayawa. Idan daga bindiga ake ƙirgawa, an ci maka waɗannan mintoci tun ba ka ɗaga ƙafa ba. Ka duba kuma ko akwai shinge a tsakiyar hanya, misali a ce wanda bai kai kilomita 10 a lokaci kaza ba an cire shi. Sai taswirar hanya: shimfiɗaɗɗiya ce ko mai hawa da gangara.

Wani abu a gefe: idan gasar tana da rukuni na masu tseren tafiya da alkalai ke sa wa ido, wannan wasa ne daban mai doka biyu. Ba a yarda ido ya ga ƙafafu biyu sun rabu da ƙasa lokaci ɗaya ba, kuma ƙafar gaba dole ta miƙe sambal a gwiwa daga sa'ad da ta taɓa ƙasa har ta dawo ƙarƙashin jiki. Idan ba a wannan rukunin ka yi rajista ba, babu ruwanka da waɗannan dokoki.

Auna kanka

Makonni 16 sun isa ga wanda ke iya tafiyar minti 45 ba tare da ya galabaita ba. Wanda bai kai haka ba ya ƙara wata ɗaya a gaba, yana fita minti 20 zuwa 30 kwana biyar a mako. Mai hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya ko matsalar gwiwa ya fara ganin likita, haka ma mai juna biyu.

A makon farko ka nemi wuri mai awo, kamar filin tsere mai zagayen mita 400, ko ka yi amfani da manhajar auna tafiya a wayarka. Ka ɗumama jiki da tafiyar minti goma, sannan ka yi kilomita 3 da iyakar saurin da za ka iya riƙewa ba tare da ka koma sassarfa ba. Raba lokacin gida uku, ka rubuta. Wannan adadi shi ne mafarinka, kuma duk bayan mako huɗu za ka sake gwajin a wuri ɗaya.

Takalmi da sutura

Takalmin gudu mara nauyi, mai lanƙwasuwa a wajen yatsu, shi ya fi dacewa. Takalmin hawan dutse yana da nauyi da tauri, yana hana ƙafa mirginawa daga dunduniya zuwa yatsu. Ka je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi tafiya da ita, ka bar sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafarka mafi tsawo da bakin takalmi. Bayan awa uku a kan hanya ƙafa na ƙara girma, kuma takalmin da ya yi cif a kanti shi ke baƙanta farce. Takalmi irin wannan yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin ƙasansa ya mutu, don haka wanda ka saya zai iya kai ka daga farkon atisaye har ranar gasa.

Safar auduga tana riƙe gumi, ƙafa ta jiƙe, fata ta yi laushi, bororo ya fito. Ka nemi safa da riga na yadin wasanni mai saurin bushewa. Mata su nemi rigar mama ta motsa jiki wadda ɗinkinta ba ya cin fata. Man Vaseline a tsakanin cinyoyi, hammata da tsakanin yatsun ƙafa yana hana saɓulewar fata.

Tsarin mako

Kwana huɗu na tafiya, kwana biyu na motsa jiki mai ƙarfafa gaɓoɓi, aƙalla kwana ɗaya na hutu sosai. Cikin kwana huɗun nan, biyu tafiya ce mai sauƙi ta minti 30 zuwa 45, ɗaya ta sauri, ɗaya doguwa. Ranar sauri da ranar doguwar tafiya kada su biyo juna.

Doguwar tafiya ita ce ƙashin bayan shirin. A wata na farko ka yi kilomita 5, sai 6, sai 8, sannan ka sauko 6. A wata na biyu 9, 11, 12, ka sauko 8. A na uku 13, 15, 16, ka sauko 11. Mako na 13 ka yi 18, in jiki ya ba da dama 19, wannan ce mafi tsawo. Mako na 14 ka yi 13, na 15 ka yi 9, na 16 gasa. Saukowar da ake yi duk mako na huɗu ba lalaci ba ne. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, amma jijiyoyi da ƙasusuwa suna jan ƙafa, kuma a makon sassauci suke cim ma sauran jiki. Wanda ya tsallake shi saboda yana jin ƙarfi, shi ne yakan zo da ciwon ƙwauri a wata na uku.

Saurin doguwar tafiya ya zama wanda za ka iya hira a cikinsa da cikakkun jimloli, wato ka ƙara kamar minti ɗaya a kan lokacin gasa a kowane kilomita. Daga mako na 9, ka riƙa yin kilomita uku ko huɗu na ƙarshe da saurin gasa, don jiki ya koyi sauri a kan gajiya. Ba sai ka cika 21 a atisaye ba. Wanda ya yi 18 da ƙafar da ta gaji da aikin mako, zai yi 21 da hutacciyar ƙafa.

Idan mako ya kuɓuce maka saboda rashin lafiya ko aiki, kada ka haɗa bashin a mako mai zuwa. Ka maimaita makon da ka tsaya a kai. Sannan ka san bambancin tsamin jiki da ciwo. Tsami yana kama ɓangarori biyu daidai, yana sakin mutum idan jiki ya ɗumama. Ciwon da ya tsaya a wuri guda, yake ƙaruwa da tafiya ko yake sa ka ɗingishi, wannan na neman hutun kwanaki, in ya ƙi tafiya a ga likita.

Yadda sauri ke samuwa

Nan ne yawancin masu tafiya ke kuskure. Da an ce su ƙara sauri sai su buɗe taku, su jefa ƙafa can gaba. Ƙafar da ta sauka nesa da jiki birki take ja, tana kuma gajiyar da ƙwauri. Sauri yana fitowa daga yawan taku da turawar ƙafar baya. Ka sauke dunduniya kusa da jikinka, ka mirgina tafin ƙafa, ka tura ƙasa da yatsu. Ƙirga takunka na minti ɗaya: tafiyar yau da kullum ba ta cika wuce 110 ba, mai neman minti 9 zuwa 10 a kilomita kuwa yakan buƙaci 125 zuwa 135, gwargwadon tsawon ƙafarsa.

Hannu ke jan ƙafa. Ka lanƙwasa gwiwar hannu ta yi kusurwa, ka riƙa tura ta baya, hannun kada ya tsallake tsakiyar ƙirji. Gwada ka gani: da ka ƙara saurin hannu, ƙafa za ta bi ba tare da ka umarce ta ba. Lanƙwasa hannun yana kuma rage kumburin yatsu da ke damun masu doguwar tafiya. Ka miƙe tsaye, ido a kan mita goma zuwa ashirin a gabanka, kafaɗu a sake.

A ranar sauri, bayan ɗumama jiki na minti goma, ka yi minti biyu da ƙarfi, minti biyu a hankali, sau shida. Ƙarfin ya kai inda ba ka iya furta fiye da kalma uku ko huɗu a numfashi ɗaya. Duk mako biyu ka tsawaita: minti uku, minti biyar, har ka kai kilomita ɗaya-ɗaya sau huɗu ko biyar, da saurin da ya ɗara na gasa da daƙiƙa 20 zuwa 30. Ƙwaurinka zai yi zafi a makonnin farko, saboda naman da ke ɗaga yatsu sama bai saba da wannan aiki ba. Tafiya a kan dunduniya na rabin minti, sau uku, tana ƙarfafa shi. A kwanakin ƙarfafa jiki kuma minti 20 sun isa: tsuguno da miƙewa, ɗage a kan yatsu, hawa da sauka a matakala, da kwanciya rigingine ana ɗaga ƙugu. Idan hanyar gasar tana da tudu, ka sa tudu a atisayenka, ka gajarta taku wajen hawa.

Ruwa da abinci a kan hanya

Duk tafiyar da ta wuce awa ɗaya da rabi tana buƙatar ɗan abin ci. Abin da aka saba ba da shawara shi ne giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari a kowace awa, kuma mai tafiya zai iya tsayawa a wajen giram 30 ɗin. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25. Akwai kuma ƙananan fakitin zaƙi mai kauri da ake yi wa 'yan tsere. Ka fara ci bayan minti 45, ka ci gaba kaɗan-kaɗan. Ka gwada komai a doguwar tafiya, don abin da cikin wani ya karɓa na iya murɗa naka.

Batun ruwa yana da tarko na musamman ga mai tafiya. Kowa ya san haɗarin ƙarancin ruwa, amma yawansa ma na kisa. Wanda ya daɗe a hanya yana shan ruwa zalla a kowace tasha, fiye da abin da yake fitarwa a gumi, gishirin jininsa na iya tsinkewa. Wani bincike da aka yi a kan waɗanda suka shiga gudun fanfalakin Boston na 2002 ya gano kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun gama da ƙarancin gishiri a jini, kuma abin ya fi kama waɗanda suka wuce awa huɗu a hanya da waɗanda nauyinsu ya ƙaru yayin tseren. Alamominsa ciwon kai ne, tashin zuciya, kumburin ciki da ruɗewa. Ka sha gwargwadon ƙishirwa, ka riƙa haɗawa da ruwan 'yan wasa mai gishiri. Ka auna nauyinka kafin doguwar tafiya da bayanta: idan ya ƙaru, ka sha fiye da kima.

Ka riƙe gorarka ko da an ce akwai tashoshin ruwa. Na ƙarshen ayari wani lokaci yakan tarar da tebur babu komai sai kofunan da aka zubar.

Mako biyu na ƙarshe

Ka rage nisa, ka bar sauri yadda yake a 'yan gajerun fita. Babu wani ƙarfi da za ka ƙara a waɗannan kwanaki, abin da ya rage shi ne ka isa layi a huce. Ka yanke farce kwana huɗu ko biyar kafin ranar. Ka karɓi lambarka ta shiga gasa da wuri, ka cike bayanan gaggawa a bayanta, ka maƙala ta a gaban riga da fil huɗu, kada ka lanƙwasa na'urar auna lokaci da ke manne da ita. Daren gasa ka ci abin da ka saba ci, mara yawan mai da yaji. Idan barci ya ƙi zuwa kada ka damu, na daren da ya gabace shi ya fi muhimmanci.

Ka rubuta lokutanka a ɗan takarda ko a bayan hannu. Ga wanda ke gasa mai rufewa a awa 3 da rabi, minti 9 da rabi a kilomita zai ba shi: kilomita 5 a minti 47 da rabi, 10 a awa 1 da minti 35, 15 a awa 2 da minti 22, 20 a awa 3 da minti 10, ya ƙarasa wajen awa 3 da minti 20. Ragowar minti goman na layin banɗaki ne da gyaran igiyar takalmi.

Ranar gasa

Ka karya awa biyu zuwa uku kafin farawa, ka isa wurin da awa ɗaya a hannu, ka shiga layin banɗaki tun da wuri. Kada ka sa sabon abu ko ɗaya a jikinka, har rigar da aka ba ka kyauta. Ka tuna rana za ta same ka a hanya fiye da masu gudu, don haka hula da man kare fata daga rana su zo tare da kai.

Ka tsaya a rukunin baya. A kan hanya ka kama gefe, in kuna tare da abokai kada ku jeru fiye da biyu, in za ka tsaya ka ɗaga hannu ka waiwaya tukuna. Da an fara, kowa zai ɓalle da gudu a kewayenka, jikinka zai so ya bi. Kada ka biye masa. Kilomita uku na farko su zama daidai da lissafinka ko ma ka ɗan rage sauri. Ka dogara da allunan kilomita na gasar fiye da agogo ko waya, domin ana auna hanya ne ta layi mafi gajarta, kai kuwa kana kauce wa mutane kana zagaye kwana, na'urarka za ta nuna ka yi fiye da 21.1.

Daga kilomita 8 zuwa 14 za ka fara wuce waɗanda suka ɓalle da farko suka gaji. A nan ne ake cin abinci bisa tsari, ana duba lokaci a kowane allo. Idan ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi, ka tsaya nan take ka manna filasta. Minti ɗaya ne yanzu, in ka bari ya zama bororo zai ci maka goma.

Wahalar tana farawa wajen kilomita 16. Ƙugu ya yi nauyi, tafin ƙafa na zafi, kafaɗu sun ranƙwafa, taku ya ragu ba ka sani ba. Ka koma kan hannu: miƙe, tura gwiwar hannu baya, ƙafa za ta dawo. Ka daina ƙirga abin da ya rage, ka sa ido a kan allo na gaba kawai, ko rigar wani da ke gabanka. Amma idan jiri ya kama ka, ko ciwon ƙirji, ko ka ji kana rikicewa, ko sanyi na ratsa ka cikin zafin rana, ka tsaya ka nemi ma'aikatan lafiya. Haka idan motar ƙarshen ayari ta cim maka aka ce ka hau, ka hau ba gardama.

Bayan ka tsallake layi kada ka zauna nan da nan. Ka ci gaba da takawa a hankali na minti goma, saboda tsayawa cak na sa jini ya taru a ƙafafu, jiri ya kwashe mutum. Ka canja jiƙaƙƙun kaya, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan, ka ci abinci cikin awa ɗaya. Bororon da bai fashe ba a rufe shi a bar shi. Tsamin jiki yakan fi tsanani a kwana na biyu, kuma tafiyar minti 15 zuwa 20 ta fi kwanciya sakin sa. Ka ba jikinka mako ɗaya zuwa biyu kafin ka koma atisayen sauri. Idan fitsari ya yi duhu sosai ya ƙi washewa bayan ka sha ruwa, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi ita kaɗai, ka je asibiti a ranar.